Sai Sun Kai Uku

Litinin, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

Allah ya saka wa masu bita da alheri, ya ƙara musu lafiyar maƙogwaro. Yau a Karaye an zaunar da mu tun hantsi har azahar ta gota, ana koya mana darasin korona. Ashe mu da muka sha ta ba mu san abin da muka koya ba, sai da wani matashi mai tabarau ya taso daga Kano da majigi ya gaya mana. Ya ce rigakafi ya fi magani, muka tafa. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, muka sake tafawa, kamar kakansa ne ya ƙago maganar. Aka raba lemo da burodi. Ilmi kogi ne.

An naɗa ni sakataren Kwamitin Ko-ta-kwana na garinmu, ni Maikuɗi dillalin gyaɗa, don na taɓa boko har aji uku na sakandare, kuma bakina ba ya ciwo. Aka ba ni bokiti mai famfo, da kwalin takunkumi, da bindigar auna zafin jiki, da wannan littafi. A bangonsa an manna lambar waya. Shafin farko an ja masa layuka: suna, shekaru, ranar da aka fara ganin ciwon. Wai akwai cutar maƙogwaro tana yawo a jihar, mashaƙo, tana kumbura wa yara wuya. In muka ga yara biyu ko uku da ciwo iri ɗaya, mu kira. Ya ƙara wata magana a kai, amma a lokacin ina fama da murfin lemo.

Shafin farko na bar musu. Sauran nawa ne.

Ni ma ina da nawa darasin, kuma ba a majigi na gan shi ba. Shekara uku ke nan da aka kulle mana kasuwa a lokacin korona, ina kallo ƙwari suka mayar min da gyaɗa gari a cikin shago. Kafin kullen da kwana huɗu Ilu mai awo ya kai rahoton wani da ya dawo daga Legas yana tari. Mota ta zo da jiniya. Jihar duka aka kulle, kowa ya sani, amma garinmu bai ga jiha ba, Ilu ya gani. Har yau ba mai kiransa mai awo. Ni na laƙaba masa Ilu Jiniya, kuma sunan ya zauna masa fiye da rigarsa.

Wanda ya fara faɗin cuta, shi ne ubanta. Wannan shi ne darasin.

Laraba, 4 ga Oktoba, da safe

Sadiƙa ta gano bindigar. Jikata ce, shekararta biyar, 'yar farin 'yata ta fari da ke aure a Ruwan Bago. Tun yaye muka ɗauko ta, yadda ake yi. Uwar ba ta kama sunanta, kamar yadda ni ma ban taɓa kama sunan uwar ba. Kunya ce, mun gada.

Na fito zan tafi shago ta tare ni a zaure, ta ɗora min bindigar a goshi.

"Tsoho mai ran ƙarfe, tsaya a auna ka."

"Me ta ce, mummunar amarya?"

"Ta ce ka ruɓe. A kai ka bola."

"To wa zai sayo miki alewa?"

Ta yi tunani. "Ka sayo tukuna, sai a kai ka."

'Yar kasuwa ce. Jini ba ya ƙarya.

Alhamis, 5 ga Oktoba, bayan an tashi kasuwa

Bana gyaɗa ta yi. Motoci uku suka shigo daga Kano. Manyan masu saye sun ce sai ranar sha tara ga wata za su turo manyan motoci, in hanya ta bushe. Ni kuwa na cika shago har bakin ƙofa, ina jiran ranar.

Ilu ya zo ya tsuguna a gefen buhunana kamar kazar da ruwa ya doka. Wai matarsa ta je suna Jajaye, ta tarar yara biyu a kwance, wuya ya kumbura, murya ta dushe.

Na ce, "Jajaye ta Rogo ce. Ni sakataren nan ne. Ka taɓa ganin an yi awo a Rogo an zuba a buhun Karaye?"

Ya ce, "Cuta ta san iyaka ne, Maikuɗi?"

Na ce, "Ba ta sani ba, amma littafi ya sani. Ko jiniyar ce ta motsa?"

'Yan dako suka kwashe da dariya. Ya tashi ya kaɗe wando.

Lahadi, 8 ga Oktoba, azahar

Yaro ɗaya da ciwon wuya a bayan masallaci, gidan maƙera. Ɗaya ba uku ba ne.

Talata, 10 ga Oktoba, da hantsi

Ilu ya yi sallama da ni tun kafin in karya. Ɗansa Mujahid, mai shekara bakwai, kwana biyu ba ya iya haɗiyar koko. Ya ce wani farin abu ya shimfiɗu masa a can cikin maƙogwaro, bakinsa kuma yana wari.

"Kai ne mai lambar, Sakatare. Ka kira su."

"Kai ba ka da ƙafa? Ga asibitin sha-ka-tafi can, Malama Na'ima na ciki."

Ya sunkuyar da kai. "In na je da kaina, ka san abin da gari zai ce. Sau ɗaya na yi, har yau ina biya. 'Ya'yana ko ɗiban ruwa suka je sai an yi musu kukan jiniya. Kai in ka kira, aikinka ne."

Ka ga mutumin da ya koyi darasi. Har na ji ya burge ni.

Na ce, "Ilu, yaushe muka fara kiran Kano don belu? Ni an cire min, kai an cire maka. Belu ne ya sauko. Ka kira Mu'az wanzami ya tsinke shi, gobe yaro ya ci tuwo."

"Ka tabbata?"

"Ni da na je bita?"

Barira matata tana bayan ƙofa tana tankaɗe, ta ji komai. Da ya tafi ta ce, "Allah ya sa a dace, Malam. Gara da akwai masu sani a gari."

Na ba wa Mu'az takunkumi biyu daga kwalin kwamiti. Ya sa ɗaya a haɓa, ya rataya zabirarsa, ya yi gidan Ilu, daga can ya wuce gidan maƙera. A dai shaida mun yi aiki da kayan gwamnati.

Alhamis, 12 ga Oktoba, la'asar

Malama Na'ima ta biyo kasuwa sayen kuɓewa, ta tsaya a kaina. Yarinya ce mai ladabi, irin ladabin da ke sa mutum ƙaiƙayi.

"Baba Maikuɗi, ina wuni? Ya kasuwa? Ya iyali? Na ji ana ta kiran wanzami a unguwarku."

"Kaka ce, 'yata. An samu na aski."

"Ba wani yaro mai ciwon wuya?"

"In akwai, ai ni zan fara sani."

Ba ƙarya na yi ba. Ni na fara sani.

Ta ce tun watan jiya take bin gida-gida da allurar rigakafi, rabin gidajen a zaure ake sallamar ta. Gidana ma, in ji ta, an ce mata yarinyar tana barci. Na ce yara akwai barci. Ban gaya mata cewa ni ma katin korona da ke aljihuna ba a taɓa huda ni a kansa ba. Da aka ce sai da kati za a shiga mota, na san inda na samo nawa. Shi ma darasi ne: takardar ake tambaya, ba wanda ya taɓa cewa in naɗe hannun riga.

Kwana bakwai ya rage manyan motoci su zo. Bayan nan in suna so su kulle har da rijiya.

Asabar, 14 ga Oktoba, da safe

Barira ta je dubiya gidan Ilu da kunu. Ta tafi da amaryata, don ba a barin ta ita kaɗai a gida, ta ƙi zama. Sai da suka dawo na sani. Me zan ce, belu yana yaɗuwa?

Lahadi, 15 ga Oktoba, bayan azahar

An kai Mujahid.

Na kai bokiti mai famfo wajen zaman makoki, na ajiye a bakin zaure da sabulu. Kowa ya yaba. Liman ya ce ga amfanin ilmi. Mutane suka wanke hannu tas, sannan suka shiga suka sha ruwa a moɗa ɗaya.

Na yi wa Ilu gaisuwa. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Ka ce gobe zai ci tuwo."

"Kwana ne ya ƙare, Ilu. Kai ma ka sani."

"Na sani."

A hanya na ce wa 'yan dako, mutumin da ya kai ƙarar gari guda, ga shi a gidansa jiniya ta ƙi tashi. Biyu suka yi dariya. Ɗaya bai yi ba. Wannan dama ba ya gane magana.

Na gidan maƙera yana nan da rai. Wanda ya rasu kuwa ya fita daga lissafin marasa lafiya. Saura ɗaya ke nan. Ɗaya ba uku ba ne.

Talata, 17 ga Oktoba, magariba

Yau ba a auna ni ba.

Laraba, 18 ga Oktoba, da safe

Mura ce. Raɓa tana sauka yanzu, kuma yarinyar ba ta zama da riga. Na kawo mata alewa ta riƙe a hannu har ta narke. Na ce, "Mummuna, an fasa auren ne?" Ta buɗe baki za ta rama, abin da ya fito kamar kukan ƙyauren da ya yi tsatsa. Ta ji haushi ta juya min baya.

Na ɗauki bindigar na ɗora mata. Ta nuna lamba ja. Kayan bita ne, wa ya san ingancinsu.

Barira ta ce, "Malam, wuyan nan fa kamar ya tasa."

Na ce ƙiba ce.

Na duba lambar da ke bangon littafin nan. Lamba ce mai saukin haddacewa, har na haddace ta. Gobe Alhamis. Motoci za su iso da hantsi, kafin la'asar an gama lodi. Daga yau zuwa gobe la'asar ba wani nisa ba ne. Da na sallami motar ƙarshe zan kira. Na rantse a raina, kuma ni ba na saɓa alkawarin ciniki.

Alhamis, 19 ga Oktoba, bayan la'asar

Shago ya koma fili, har ana jin amsa-kuwwa. Ban taɓa ciniki irin na yau ba.

Na shigo gida na tarar da kwano a tsakar gida, da ruwa ja a ciki, da tsumma. Takunkumi shuɗi a ƙasa kusa da turmi, irin na kwalina.

"Wa ya zo?"

Barira ta ce, "Mu'az. Tun da ka fita numfashinta yake sama-sama. Na ce me zan jira, ga abin da ka gaya wa Ilu da bakinka. Na sayar da kazata na kira shi. Ya ce belun ma bai samu da kyau ba, wani farin abu ne ya yi ta ja yana jini."

"Wa ya ce ki kira shi?"

"Kai ka ce belu ne."

"Na ce wa Ilu!"

Ta ajiye ludayin da ke hannunta. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ban taɓa ganin ta dube ni ido cikin ido ba sai yau.

"To na Ilu daban ne da namu, Malam?"

Na kira lambar. Ina fata a raina ta ƙi shiga, ko a ce babu mai, ko a ce sai Litinin, in samu wanda zan zaga. Bugu ɗaya aka ɗauka.

Juma'a, 20 ga Oktoba, da hantsi

Jiya kafin magariba mota ta iso. Ba ta yi jiniya ba. Malama Na'ima ce ta fara shigowa, ta haska maƙogwaron da fitilar waya, ta kashe, ta juyo wurina.

"Baba, kwana nawa?"

"Yau ne ya tsananta."

"Ba shi na tambaya ba."

Na ce mata a bita an ce sai sun kai biyu ko uku. Ta karɓi littafin nan daga hannuna, ta juya bangon, ta sa yatsa ƙarƙashin lambar. Akwai rubutu da jan biro: mai kumburin wuya, ko ɗaya ne, a kira a ranar. Na san yana nan. Kullum a kansa nake ɗora babban yatsa in zan buɗe.

Ba ta buɗe cikin littafin ba. Ta miƙo min da hannu biyu, da ladabinta.

An tafi da yarinyar Kano, ita da Barira, da na gidan maƙera. Da za a sa ta a mota ta miƙo hannu. Na zaci ni take nema. Bindigar take so. Na ba ta.

Asabar, 21 ga Oktoba, azahar

Ma'aikatan lafiya sun zo da akwatunan sanyi na allura, sun kafa tebur a ƙarƙashin darbejiyar bakin kasuwa. Mata sun yi layi har gidan mai. An karɓe zabirar Mu'az an tafasa kayan ciki, an rubuta gidajen da ya shiga. Goma sha ɗaya.

Na ja babbansu gefe na ce, "Ranka ya daɗe, kasuwar fa? Yaushe za a kulle?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi kuɗin jaki a banki. "Wace kasuwa? Wa ya ce za a kulle kasuwa? Wannan tana da allura, tana da magani, Alhaji. In an kawo da wuri."

Ya koma kan aikinsa.

Lahadi, 22 ga Oktoba, da safe

Barira ta bugo. An huda wa yarinyar wuya an sa roba. Likita ya ce dafin ya riga ya shiga jiki, ana kallon zuciya. Yaron maƙera ya fara shan shayi.

Litinin, 23 ga Oktoba, la'asar

Ta Ruwan Bago ta zo, mijinta Ja'afar ya kawo ta a babur, da tsohon ciki. An hana ta zuwa Kano. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni yadda ta saba, kai a ƙasa. Ina wuni, ya gida, ya kasuwa. Har kasuwar ta tambaya.

Shekara biyar in za ta yi maganar yarinyar sai ta ce "'yar taku". Ko kallonta ba ta yi a gaban mutane. Da aka kawo mana ita ranar yaye, ko rakiya ba ta yi ba, aka yi ta yabon kunyarta.

Ta ce, "Baba, an ce kai aka ba lambar."

"Ni ne."

"An ce Alhamis ka kira."

"Alhamis."

"Inna ta ce tun Talata Sadiƙa ba ta ci abinci ba."

Ta faɗi sunan. A gabana, a gaban mijinta. Ja'afar ya kau da kai. Ta sake faɗa, a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Sannan ta tashi ta shiga ɗakin uwarta ta ja labule.

Yaran zamani ba su da ta ido.

Laraba, 25 ga Oktoba

Ba labari.

Alhamis, 26 ga Oktoba, da hantsi

Kasuwa ta cika. Gyaɗa ta ƙara tashi. Da na riƙe tawa mako ɗaya da na fi haka samu.

Juma'a, 27 ga Oktoba, bayan masallaci

Barira ta dawo da asuba a motar haya. Ta shigo da leda baƙa. Takalmi ne a ciki, da ɗankwali, da bindigar. Ta ajiye bindigar a kan tabarmata, ta ce, "Kayan gwamnati." Ta shige ɗaki.

A can aka yi komai. Sun ce haka ya fi.

Asabar, 28 ga Oktoba, da safe

Na fitar da bokiti mai famfo bakin zaure. Ilu ne ya fara zuwa, tun kafin a shimfiɗa tabarmi. Ya wanke hannu da sabulu a nutse, har tsakanin yatsu. Ya zauna kusa da ni ya yi addu'a mai tsawo. Na jira. Na san abin da ni zan faɗa da ni ne shi, har na tanadar masa kalmomin.

Ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Maikuɗi. Kwana ne ya ƙare."

Ya tashi ya kama raba wa mutane ruwa, kowa da kofinsa. Daga gidansa ya kawo kofunan.

Mugun mutum ne Ilu. Ban taɓa sani ba.

Talata, 31 ga Oktoba, magariba

Barira tana kawo abinci ta ajiye a bakin ƙofa. Ta Ruwan Bago ta koma ba sallama. Na sami alewa a aljihun rigata ta Laraba, ta manne da katin korona.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, bayan la'asar

Allah ya saka wa masu bita da alheri, ba sa manta nasu. Takarda ta zo daga Karaye. Wai a duk yankin garinmu ne ya fara kiran lambar, kuma kiran da na yi ya sa an tare abin kafin ya ci unguwa. Yara tara aka kai asibiti, bakwai sun dawo. Ana gayyatata ranar Litinin in tsaya gaban sauran sakatarori, har da na Rogo, in ba su darasi. Za a ba ni takardar yabo. Mai tabarau ya ƙara da hannunsa a ƙasa: sakataren da bai ɓoye ko jikarsa ba.

Zan je. Bakina ba ya ciwo, kuma akwai lemo.

Abu ɗaya suka roƙa: in cike shafin farko in zo da shi, za a haska a majigi don kowa ya koya. Na cire sauran shafukan da reza, na ɓoye a cikin buhu. Na zauna da biro. Suna na rubuta, bai yi wuya ba, ita ba 'yar fari ba ce a wurina. Shekaru, biyar. Saura layi na uku, ranar da aka fara ganin ciwon.

Sha tara ga wata ce a takardarsu, ita ce kuma ake yabo. Barira za ta ce sha bakwai. Ilu, in an tambaye shi, goma zai ce, ko biyar, amma wa yake tambayar Ilu?

Kai da ka tsinci takardun nan a buhun gyaɗa, ga biro, ga layi, ga majigi yana jira, kuma kana da shago a kasuwa: wace rana za ka rubuta?